ZARE: Biza a hannu, amma aka ce sai ya nuna kuɗi. Daga ina wannan doka ta fito?

1/
Ƙarshen 2023 yayana da ke karatu a Amurka ya zo gida bikin ƙanwarmu. Ya yi sati uku ya koma, bizarsa da ranta, takardun makaranta cif. A filin jirgi aka ja shi wani ɗaki aka ce: wa ke biya maka kuɗin makaranta? Ina shaida? Awa biyu ya yi a zaune kafin a ce ya wuce.

2/
Da ya kira gida, Umma ta yi tambayar da ta tsaya min a rai: "Ba sun riga sun ba shi bizar ba? To me kuma suke nema?" Na kasa ba ta amsa. Shi ya sa na shiga tono tarihin abin, kuma wallahi abin da na gani ya fi ƙarfin hira ɗaya. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

3/
Mu fara da abin da yawancinmu ba mu sani ba. Biza ba izinin shiga ƙasa ba ce. Izini ne na ka je bakin ƙofa ka ƙwanƙwasa. Mai buɗe ƙofar shi ne jami'in shige da fice da ke zaune a filin jirgi, kuma duk ranar da ka fita ka dawo, sabuwar ƙwanƙwasawa ce. Tsarin barin hukunci a hannun jami'in bakin ƙofa ya haura shekara 130.

4/
Mu koma shekarun 1840. Yunwa ta faɗa wa ƙasar Ailan daga 1845, cutar dankali ta cinye amfanin gona, mutane kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka tsallaka teku. Da yawa suka sauka a Boston da New York ba ko sisi, ga rashin lafiya.

5/
Lokacin gwamnatin tarayya ba ta da ruwa da harkar baƙi, jihohi ne ke yi. Jihohin Massachusetts da New York suka ce wa masu jiragen ruwa: duk fasinjan da muka ga alamar zai zama kaya a wuyanmu, sai ku tsaya masa da jingina ko ku biya kuɗi a kansa. Massachusetts har mayar da matalauta ta riƙa yi zuwa inda suka fito.

6/
Ku riƙe maganar jinginar nan, za mu dawo kanta a ƙarshe.

7/
A 1876 Kotun Ƙoli ta ce jihohi ba su da hurumin ɗora wa jirage irin wannan haraji, aikin tarayya ne. Sai Majalisar Dokoki ta yi dokar shige da fice ta watan Agustan 1882. Ta sa harajin rabin dala a kan kowane baƙo, ta kuma hana shigowar wanda ba zai iya riƙe kansa ba sai gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

8/
Da Turanci ana ce wa irin wannan mutum public charge, wato wanda ya zama nauyi a kan al'umma. A 1891 aka ƙara wa dokar wata 'yar kalma da ta canza komai. Yanzu ba sai ka zama nauyin ba. Ya isa a ce "mai yiwuwa" ka zama. Jami'i zai kalle ka ya yi hasashen gobenka.

9/
Abin lura: dokar ba ta faɗi adadin kuɗi ba. Ba ta ce dala goma ba, ba ta ce ɗari ba. Ta bar wa jami'i ya auna da idonsa. Duk rigingimun da za su biyo baya daga wannan giɓin suka fito.

10/
Cikin waɗanda suka gwada dokar a kotu akwai wata 'yar Japan, Nishimura Ekiu, mai shekara 25. Ta iso San Francisco a watan Mayun 1891 a jirgin ruwa mai suna Belgic, da dala 22 a hannunta. Ta ce mijinta yana Amurka, za ta sauka a otal ta jira shi, amma ba ta san adireshinsa ba.

11/
Jami'i ya ce a'a, wannan za ta zama nauyi. Ta kai ƙara har Kotun Ƙoli. A 1892 kotun ta ce tunda Majalisa ta ba jami'in ikon yanke hukunci, maganarsa ita ce ta ƙarshe, kotu ba za ta sake auna hujjojinsa ba. Har gobe lauyoyi suna kafa hujja da wannan shari'a.

12/
Jirgin Belgic ɗin nan yana da wani labarin, kuma shi ne ya fi kusa da tambayar Umma. Wani lebura ɗan ƙasar Sin, Chae Chan Ping, ya zauna a San Francisco daga 1875 zuwa 1887. Da zai je gida ganin dangi, ya karɓi takardar gwamnati mai cewa yana da damar dawowa.

13/
Yana kan teku a hanyar dawowa, ranar 1 ga Oktoba 1888, aka sa hannu a wata sabuwar doka da ta soke duk irin waɗannan takardu, kusan 20,000. Bayan sati ɗaya jirgi ya iso, ya miƙa takardarsa, aka ce ta mutu. A 1889 Kotun Ƙoli ta goyi bayan gwamnati, aka mayar da shi.

14/
Mutumin da ya yi shekara 12 a gari, da takardar da su da kansu suka buga masa. Kotu ta ce ai takardar alfarma ce, wanda ya ba da ita yana iya janyewa. Shari'arsa ba ta kuɗi ba ce, amma ita ta kafa tushen cewa izinin dawowa ba alkawari ba ne.

15/
Yanzu mu je Ellis Island, tsibirin da ke bakin New York. An buɗe shi ranar 1 ga Janairu 1892, kuma kafin a rufe shi a 1954 mutum sama da miliyan 12 sun bi ta nan. Amma ba kowa ake kaiwa can ba. Fasinjan aji na ɗaya da na biyu a cikin jirgi ake ɗan duba su, su wuce abinsu.

16/
'Yan ƙasan jirgi, masu tikiti mafi arha, su ake jerawa a layi. Likita ya duba ka, sannan jami'i ya ɗauko takardar jirgi ya bi tambayoyi: ina za ka, wa ya biya maka tikiti, wa ka sani a can, nawa ne a aljihunka. Ku kwatanta da tambayoyin da aka yi wa yayana. Kusan ba abin da ya canza.

17/
Kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai aka mayar daga tsibirin, amma cikin dalilan da aka fi rubutawa akwai haruffa uku: LPC, wato mai yiwuwa ya zama nauyi. Mace da ta zo ita kaɗai ko da yara, sau da yawa sai a tsare ta har wani namiji daga danginta ya zo ko ya aiko saƙo.

18/
A 1909 aka dawo da wani lauya, William Williams, shugabancin tsibirin. Shi dai gani yake baƙin da ke kwararowa daga kudanci da gabashin Turai sun yi yawa. A watan Yuni ya fitar da sanarwa: baƙo ya zo da aƙalla dala 25, ban da tikitin jirgin ƙasa zuwa inda za shi.

19/
Majalisa ba ta yi wannan doka ba. Mutum ɗaya ne ya zauna a ofis ya yanke adadi. Waɗanda suka riga suka sayar da gado da tukwane suka hau jirgi ba su ma ji labari ba sai da suka iso. Aka tsare ɗaruruwa. Wasu Yahudawan Rasha da ke tsare suka rubuta wa jaridar Forward wasiƙar kuka a watan Yuli.

20/
Ƙungiyoyin taimakon baƙi suka kai ƙara, surutu ya yi yawa, aka sassauta. Amma dala 25 ta riga ta zauna a kan mutane, har a ƙauyukan Turai kowa ya san ta. Ana ba da labarin yadda wasu ke nuna kuɗin su wuce, sannan su miƙa wa na baya a ɓoye. Masu aron kuɗi a zuba a asusu kafin intabiyu, kun ga kakanninku.

21/
A 1915 jami'ai suka wuce gona da iri. Wasu leburori daga daular Rasha suka iso za su Portland, ɗaya da dala 40, ɗaya da 25. Aka ce ai babu aiki a Portland yanzu, don haka za su zama nauyi. Kotun Ƙoli, ta bakin Mai shari'a Holmes, ta ce a'a: halin mutumin za a duba, ba halin kasuwar garin ba.

22/
Ba Amurka kaɗai ba ce. Ingila ta yi dokar baƙi a 1905, aka sa fam 5 ga baƙo da fam 2 ga kowane wanda ke ƙarƙashinsa, kuma 'yan ƙasan jirgi ta shafa. Ka sayi tikiti mai tsada, ba mai tambayarka.

23/
Kanada ce ta fito da abin ɓaro-ɓaro. A 1908 ta ce baƙo ɗan Asiya sai ya nuna dala 200, alhali Bature dala 25 ta ishe shi. Indiyawa talakawan Sarkin Ingila ne kamar 'yan Kanada, ba a so a rubuta "ba ma son Indiyawa" a doka. Sai aka bar kuɗi ya faɗi abin da baki ya ji kunyar faɗa.

24/
Aka haɗa da sharaɗin cewa sai ka zo kai tsaye daga ƙasarka ba tare da yada zango ba. A 1914 jirgin Komagata Maru ya iso Vancouver da fasinja 376, yawancinsu mabiya addinin Sikh daga Punjab. Wata biyu suna kan ruwa a tashar, aka bar kaɗan suka sauka, aka kora sauran.

25/
Mu dawo Amurka. Dokar 1924 ce ta kawo tsarin da muka sani yau: ka nemi biza a ofishin jakadanci tun kana ƙasarka. Ita ce kuma ta tanadi takardar izinin dawowa ga mazaunin da zai yi tafiya. Daga nan ƙofa ta zama biyu. Ta farko a ofishin jakadanci, ta biyu a bakin iyaka, kuma kowacce tana iya tambayar kuɗi.

26/
Sai tattalin arziki ya rushe a 1929. A watan Satumban 1930 Shugaba Herbert Hoover bai je Majalisa neman sabuwar doka ba. Umarni kawai aka ba ofisoshin jakadanci: ku tsaurara fassarar "mai yiwuwa ya zama nauyi". Wanda ba shi da abin da zai ci ba tare da aiki ba, kar a ba shi biza.

27/
Ku duba lissafi. Baƙin da aka karɓa:
1930: 241,700
1931: 97,139
1932: 35,576
1933: 23,068
Ba a canza ko harafi ɗaya a sashen dokar ba. Fassara kawai aka murɗa.

28/
A 1933 ɗin nan Hitler ya hau mulki a Jamus. Yahudawa suka fara neman hanyar gudu. Gwamnatin Nazi tana karɓe kashi 25 cikin 100 na dukiyar mai barin ƙasa a matsayin haraji, ta toshe sauran a banki, daga baya tsabar kuɗin da za ka fita da su bai wuce mak 10 ba.

29/
To ka ga tarkon. A gida an ƙwace maka kuɗi, a ofishin jakadancin Amurka ana cewa nuna kuɗi, ko ka kawo wani ɗan uwa a can da zai rantse zai riƙe ka. Shekara da shekaru gurbin da doka ta ware wa Jamus ba ya cika, alhali layi ya kai bakin titi. Sai a 1939 ya cika.

30/
Cikin masu neman akwai Otto Frank, mahaifin Anne Frank, yarinyar da littafin tarihin rayuwarta ya zagaye duniya. A watan Afrilun 1941 ya rubuta wa tsohon abokinsa Nathan Straus a New York yana roƙon ya taimaka da ajiyar dala 5,000 don neman biza. Abokin mai kuɗi ne, ya kuma yi ƙoƙari.

31/
Takardu suka yi ta kai da komo, dokoki suna ƙara tsauri, aka rufe ofisoshin jakadanci, yaƙi ya ci hanya. A 1942 iyalin suka shiga ɓuya a Amsterdam. Cikin su huɗu Otto kaɗai ya rayu. Wasiƙun nan sai a 2007 aka bayyana su ga duniya, bayan an tsince su a wata ma'ajiyar takardu a New York.

32/
Na daɗe a kan wannan wurin kafin na ci gaba da karatu. Mu muna ɗaukar shaidar kuɗi kamar wata 'yar wahalar cike fom. Akwai lokacin da ita ce tsakanin mutum da ransa.

33/
Yanzu maganar fita da dawowa kanta. Wani ɗan Italiya mai suna Volpe ya zo Amurka a 1906 yana ɗan shekara 16. A 1925 aka ɗaure shi kan buga jabu. Ya gama zaman gidan yari, ba a kore shi ba. A 1928 ya ɗan leƙa Kyuba ya dawo. Daga baya aka kama shi.

34/
A 1933 Kotun Ƙoli ta ce kalmar "shiga" tana nufin kowace shiga, ta farko ce ko ta goma. Wato duk ranar da ka dawo, ana iya auna ka da duk sharuɗɗan sabon baƙo, har da na talauci. Da ya yi zamansa bai fita ba, da ba abin da ya same shi.

35/
Sai a 1963 aka ɗan rage zafin. George Fleuti, ɗan Suwizalan mazaunin Amurka tun 1952, ya tsallaka Ensenada a Meziko na 'yan awanni a 1956. Gwamnati ta ce dawowarsa sabuwar shiga ce. Kotu ta ce gajeruwar tafiya irin wannan, wadda ba da wata mugun nufi ba, ba za a lissafa ta haka ba.

36/
A 1996 Majalisa ta sa adadi. Mai katin zama na dindindin, green card ɗin nan, idan ya wuce kwana 180 a jere a waje, ana ɗaukarsa mai neman shiga, kuma tambayar nauyi tana iya tasowa. A shekarar ne kuma rantsuwar mai ɗaukar nauyi ta zama yarjejeniyar da za a iya kai shi kotu a kanta.

37/
Amma wannan rangwamen na masu zaman dindindin ne. Ɗalibi kamar yayana, ko ya yi shekara huɗu a ƙasar, duk dawowa mai neman shiga ne. Takardar I-20 da makaranta ta ba shi tana ɗauke da adadin kuɗin shekara da inda za su fito, kuma jami'i yana da damar ya ce a nuna masa. Amsar Umma ke nan.

38/
Rigimar ba ta mutu ba. A 2019 gwamnatin Trump ta faɗaɗa ma'anar nauyi ta haɗa da masu karɓar tallafin abinci da na lafiya. Ta fara aiki a Fabrairun 2020, aka jingine ta a Maris 2021. Kalmomin 1891 ne dai, kowace gwamnati tana ja ko sassautawa yadda ta ga dama.

39/
Kun tuna jinginar masu jiragen ruwa? A Agustan 2025 Amurka ta fara gwajin karɓar jingina daga wasu masu neman bizar ziyara, dala 5,000 ko 10,000 ko 15,000, aka fara da Malawi da Zambiya. Bambancin kawai, da mai jirgi ke biya, yanzu fasinja ne.

40/
Wata ɗaya kafin nan, a Yulin 2025, aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Ma'ana a lokacin, ka zo gida biki ko ta'aziyya, sai ka sake neman biza daga farko, da sabuwar shaidar kuɗi. Dokokin kuma suna ta canzawa, sai ka riƙa dubawa kafin ka sayi tikiti.

41/
Sauran ƙasashe kowa da salonsa. Jamus sai ka zuba kuɗin shekara a asusun da aka kulle, ana sakar maka wata-wata, an sa adadin Yuro 11,904 a Satumban 2024. Kanada ta ɗaga nata daga dala 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024. Ingila sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba.

42/
Mu kuma ga tamu matsalar. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Kafin Maris 2024 ta haura 1,500. Uban da ya nuna kuɗin shekara uku, ya wayi gari na shekara ɗaya ne a hannunsa, bai kashe ko kwabo ba. Ɗalibai da yawa a waje sun kasa biyan kuɗin makaranta a lokacin.

43/
Zan faɗi gaskiya: ba duka dokar ce zalunci ba. Wanda ya sauka a ƙasar sanyi ba kuɗin haya ba na abinci, shi ne na farko da mugaye ke ci da guminsa. Tambayar guzuri tana da ma'ana. Abin da tarihi ya nuna min shi ne adadin ba ya tashi don burodi ya yi tsada kawai. Yana tashi ne kuma lokacin da ake son rage mutane.

44/
To idan kana zaune a waje da bizar dogon zama kuma za ka zo gida, ba a fafe gora ranar tafiya:
• Buga bayanin asusun banki na kwanan nan, naka ko na mai ɗaukar nauyinka, a takarda.
• Wasiƙar tallafin karatu ko ta wurin aiki, da rasit ɗin kuɗin makaranta.
• Duk a jakar hannu, ba a akwatin da ka auna ba.

45/
• Ɗalibin Amurka ya tabbata makaranta ta sa hannun tafiya a I-20, kuma hannun bai tsufa ba. Wuce wata biyar a waje yana iya kashe matsayinka.
• Wasu ƙasashen sai ka karɓi izinin dawowa kafin ka fita, in ba haka ba izinin zamanka ya mutu a ƙofa. Tailan haka take.

46/
• Kar ka yi ƙarya. Kayan aro ba ya rufe katara. Rashin kuɗi yana iya sa a ce ka dawo wani lokaci, amma takardar bogi a dokar Amurka tana iya jawo haramcin shiga na har abada, a Ingila kuma har shekara 10.

47/
Abin da ya ceci yayana ran nan wasiƙar tallafin makarantarsa ce, wadda ya kusa bari a ɗaki don yana ganin an gama da ita tun ranar intabiyu. Yanzu ko Kaduna za shi sai ya ɗauki fayil ɗin, har tsokanarsa muke yi.

48/
Na karanta wa Umma labarin Nishimura Ekiu da dalarta 22. Ta yi shiru, sannan ta ce: "To mijin nata ya zo kuwa?" Nan ma na kasa ba ta amsa.

Idan kana da ɗan uwa a waje da ke shirin zuwa gida hutu, tura masa zaren nan. Wanda aka taɓa tsayarwa a filin jirgi kuma, ya ba mu labari a ƙasa. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.